Gidan Naman Zamani, Mai Tukuba, da Bidiyon Ranar 'Yanci

Maman Walida:
Assalamu alaikum 'yan zaure, barkanmu da hutu. Tun daren jiya wani abu yake cina a rai, na ce bari in kawo shi nan in ji ko ni kaɗai ce.

Da yake jiya 1 ga Oktoba ce babu aiki, Abban Walida ya ce mu ɗauki Baba mu fita da shi ya sha iska. Mahaifina nake nufi. Ya haura tamanin, kuma in ba masallaci ko asibiti ba, an daɗe rabonsa da fita. Muka nufi ɗaya daga cikin gidajen naman nan na zamani da ke Nassarawa, irin waɗanda ake gasa tsoka mai kauri a kawo maka a faranti da wuƙa da cokali mai yatsu. Ba zan kama suna ba, ba tozarta kowa na zo yi ba.

Wuri kam ya haɗu, ga sanyi ga fitilu. Amma mun fi minti ashirin a zaune babu wanda ya ce mana sannu da zuwa. Da yaron ya zo, bai gai da Baba ba, takardar abinci kawai ya ajiye, ita ma duk Turanci. Ya tambayi Baba wane irin gashi yake so da wasu kalmomi da dattijo bai taɓa ji ba, bai kuma yi masa bayani ba. Muka jira kusan awa guda. Naman ya zo ya huce, ga tauri, Baba ya yi ta fama da yanka ɗaya har ya haƙura ya koma kan dankali. Da takardar kuɗi ta zo, an ɗora haraji an kuma ɗora kuɗin hidima. Wace hidimar?

Duk wannan bai ɓata wa Baba rai ba kamar abin da ke tafiya a talabijin ɗin bango. Wani bidiyon murnar ranar 'yanci suke ta maimaitawa. Aka nuno Sarauniyar Ingila tana saukowa daga jirgi, aka rubuta 1960 a ƙasa. Baba ya ajiye cokali ya ce, "Ba ita ce ta zo ba." Can aka nuno hoton marigayi Ado Bayero a matsayin Sarkin Kano na ranar. Baba bai sake magana ba har muka shiga mota. A hanya ya ce da ni, "Muna raye ma ana canja mana abin da muka gani da idonmu."

Tambayata biyu ce. A ina mutum zai kai dattijo ya ci nama a garin nan a mutunta shi? Kuma su wa ke duba bidiyoyin nan kafin a sake su?

Ɗan Fagge:
Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya huci zuciyar Baba. Ni amsata ga tambayar farko a fili take: ki koma wajen mai tukuba. Akwai wanda nake saye a wurinsa a unguwarmu shekara goma sha. Kafin ka kashe mashin ya gaishe ka, ya tambayi iyali. Ya yanko maka ɗanɗano tun ba ka ce komai ba. Ya san ni ba na son kitse, ya san maƙwabcina tantaƙwashi yake so. In na ce masa na Inna ne, da kansa zai zaɓo mai laushi, ya yayyanka ƙanana, ya rage yaji. Ka biya ya ƙara maka gyara. Ranar da aljihu ya yi sanyi ya ce tafi ka kawo gobe. Bai taɓa rubuta mini kuɗin hidima ba.

Uwar Biyu:
Ɗan Fagge, kai namiji ne shi ya sa. Hajiya za ta ɗauki dattijo ɗan shekara tamanin ta tsayar da shi a bakin titi cikin hayaƙi da ƙurar Adaidaita? Mu mata ko tsayawa a tukuba ba ma iya yi cikin sakewa, sai dai aike. Kuma a faɗi gaskiya, ba duk masu tsire ne suke kamar naka ba. Hannun da ya karɓi kuɗi shi yake komawa kan nama. A naɗe maka a tsohuwar jarida, tawada ta manne a jikin tsiren. Wani na jiya ne yake ɗumamawa ya shafe da mai ya ce yanzu ya sauka.

Hajiya, ba duk gidajen zamanin ne suka lalace ba. Akwai wanda muke zuwa ta wajen Bompai. Ranar da na kai surukata, yarinyar da ta karɓe mu har ƙasa ta durƙusa ta gaishe ta, ta kawo mata ruwan wanke hannu a roba ba tare da an roƙa ba, don ta lura ba za ta yi amfani da wuƙa ba. Ta ce mana naman zai ɗauki minti arba'in, ko a kawo mana wani abu kafin nan. Minti arba'in ɗin kuwa ya ɗauka. Jira ba ya ciwo in an gaya maka tsawonsa. Zan turo miki kwatance ta gefe.

Ɗan Fagge:
Na yarda da maganar jarida, Yaya. Nawa dai farar takarda yake sa wa tun bara.

Ɗan Mahauta:
Salamu alaikum. Ni a gidan fawa aka haife ni, kakana da mahaifina duk a kwata suka yi rayuwarsu, don haka bari in ce wani abu kan taurin naman.

Hajiya, ba lallai laifin mai gashin ba ne shi kaɗai. Shanunmu, Bunaji ne ko Bokolo ko Rahaji, dabbobin tafiya ne. Sun yi kiwo a daji shekara da shekaru, an kora su kasuwa irin ta Wudil ko Ɗambatta, an loda su a mota. Tsokarsu mai ƙarfi ce, kitsen kuma a gefe yake taruwa da tozo, ba ya ratsa cikin tsokar. Sannan mu a nan da asuba ake yanka, kafin azahar nama yana kan teburi. Naman da aka yanka yau, in ya sandare, shi ne mafi tauri. Waɗanda suka ƙirƙiro irin wannan gashin mai kauri rataye naman suke a ɗakin sanyi kwana da kwanaki, har mako biyu ko fiye, sai ya saki da kansa. Wannan kuwa sai da wutar da ba ta ɗaukewa. Gidan da ba ya son kashe kuɗin dizal, sai ya sayo na safe ya yanka da kauri ya ɗora a wuta. Ai dole ya zama roba.

Shi ya sa iyayenmu suke feɗe tsire siriri kamar ganye, su shafa ƙuli da mai, su jera a gefen wuta ba a kanta ba. Kilishi ma haka, je ki Agadasawa ki ga yadda ake shimfiɗa shi. Balangu kuma a hankali ake bin sa, ana juyawa ana yayyafa mai har ya yi laushi. Sun san dabbarsu, suka yi mata gashin da ya dace da ita.

A jikin sa guda, wurin da za a yanka da kauri ya yi laushi ba tare da an wahala ba kaɗan ne. Akwai wata doguwar tsoka da ke kwance a jikin ƙashin baya ta ciki, ba ta aikin komai, ita ce mafi laushi. Guda biyu ce kacal a sa. In gida yana sayar da faranti hamsin a dare, ki tambayi kanki daga ina sauran suka fito. Cinya ce ake ba ku.

Maman Walida:
Allah ya saka da alheri Malam. Wallahi ban taɓa sanin haka ba. To me ya hana yaron ya ce mana wannan zai yi wa Baba tauri, ga wanda ya fi?

Tsohon Sabis:
Hajiya, don shi ma bai sani ba. Na yi shekara biyu ina wannan aikin a wani gida a garin nan kafin in koma kasuwa. Ranar da aka ɗauke ni, riga aka ba ni aka nuna mini tebura shida aka ce nawa ne. Babu wanda ya zaunar da ni ya ce wannan naman daga nan yake, ana gasa shi kaza. Har na bar wurin ban taɓa ɗanɗana abin da nake kai wa mutane ba, don faranti ɗaya ya kusa kuɗin aikina na mako. Tun sha ɗaya na safe kana tsaye har sha biyun dare. In faranti ya fashe a cire a albashinka. Kuɗin hidimar nan da kike gani a takarda, a inda na yi aiki ko kwabo bai taɓa zuwa hannunmu ba. Harajin kashi 7.5 na gwamnati ne, wannan daban.

Ban ce yaron ya kyauta ba. Rashin gai da dattijo ba shi da uzuri, wannan daga gida ake koyo. Amma mai tukubar Ɗan Fagge nasa ne, in ka dawo gobe shi ya ci riba. Yaron can ko kin dawo ko ba ki dawo ba, abin da zai karɓa a ƙarshen wata bai canja ba.

Uwar Biyu:
Wannan magana ta taɓa ni. Daga yau in zan yi ihsani a hannun yaron zan sa.

Malamin Tarihi:
Assalamu alaikum. Na bar maganar nama ga masu ita. Hajiya, ki gaya wa Baba gaskiyarsa ce, duka biyun.

Sarauniya Elizabeth sau biyu ta taka ƙasar nan: a farkon 1956, sai kuma 2003 da aka yi taron ƙasashe renon Ingila a Abuja. Hotunan da ake yawo da su tana saukowa daga jirgi, da na babban hawan daba da aka yi mata a Kaduna, duk na 1956 ne, shekara huɗu kafin 'yanci. Wadda ta wakilce ta a bikin 1960 ita ce Gimbiya Alexandra, 'yar ƙanin mahaifinta, lokacin tana da shekara 23. A filin sukuwa na Legas aka sauke tutar Ingila da tsakar dare aka ɗaga kore-fari-kore.

Sarkin Kano a ranar kuwa Muhammadu Sanusi na ɗaya ne. Shi ya riƙe har 1963 da ya yi murabus ya koma Azare. Muhammadu Inuwa ya hau ya yi 'yan watanni Allah ya yi masa rasuwa, sannan aka naɗa Ado Bayero a Oktoban 1963. A 1960 Ado Bayero Wakilin Doka ne, shugaban 'yan dokan En'e ta Kano, daga baya ya tafi jakadanci Senegal. Wannan ba ɓoyayyen ilmi ba ne. Duk dattijon da ka tara a Ƙofar Kudu zai faɗa maka.

Na ga irin bidiyon nan har guda huɗu a makon nan, ɗalibaina suke turo mini. A ɗaya an kira Azikiwe shugaban ƙasa a ranar 'yanci. Babu wannan muƙamin a lokacin. Gwamna Janar Bature ne, Sir James Robertson, shi ya ci gaba har Nuwamban 1960 da Azikiwe ya karɓe shi. Shugaban ƙasa sai 1 ga Oktoban 1963 da muka zama jamhuriya. Mai riƙe da gwamnati Abubakar Tafawa Ɓalewa ne, kuma tun 1957 yake Firayim Minista. Shi ma ana yi masa haka: a ɗauko hotonsa da Shugaba Kennedy a Amurka, na 1961, a liƙa a ranar 'yanci.

Bakanon Legas:
Malam, filin sukuwar da ka ambata shi ne yanzu Dandalin Tafawa Ɓalewa, kusan kullum ina wucewa ta gabansa. Abin da ya fi ba ni takaici, akwai bidiyon da na gani an nuna ɗaga tutar a Abuja. Abujar da sai 12 ga Disambar 1991 gwamnati ta koma can.

Mai Haɗa Bidiyo:
Salam. Ni wannan ce sana'ata, kuma na yi irin bidiyon nan a bana, ko da yake ba na ce nawa ne Hajiya ta gani ba. Ina neman afuwar Baba a madadin 'yan sana'armu. Amma ina so ku san yadda aikin yake zuwa. Ranar 28 ga Satumba za a kira ka a ce ana son bidiyon minti ɗaya kafin jibi. Ka shiga intanet ka rubuta abin da kake nema, duk abin da ya fito baƙi da fari ka kwaso. Inda babu hoto, ka sa ƙirƙirarriyar basira ta zana maka. Wanda ya ba ka aikin kiɗa da launi yake dubawa, da inda tambarinsa zai fito.

Sannan Malam, da girmamawa, bidiyon nan ba darasin aji ba ne. Manufarsa yaro ya kalla ya ji tsigar jikinsa ta tashi, ya ji yana son ƙasarsa. In an samu wannan, ko Sarauniya ce ko Gimbiya, mene ne ya ragu?

Malamin Tarihi:
Ɗana, na gode da ka fito ka yi magana, ba kowa zai iya ba. Ga abin da ya ragu.

Bara na tambayi ɗalibai 'yan aji biyar wa ya miƙa wa Najeriya 'yanci, kusan duk ajin suka ce Sarauniya da hannunta. Na ce a ina kuka karanta? Suka ce a waya suka gani. Ni minti arba'in nake da shi a mako, littafin ma ba kowa ke da shi ba. Bidiyonka na minti ɗaya yaro zai kalle shi sau ashirin ya tura wa abokai. Ko ka so ko ba ka so ba, kai ne malaminsu yanzu, ka fi ni ɗalibai.

Kuma yaron nan zai girma. Ranar da ya gano hoton ƙarya ne, ba hoton kaɗai zai jefar ba, har da abin da ya ji a ransa lokacin da ya kalla. Na ga samari da yawa da suka koma cewa duk tarihin ƙasar nan tatsuniya ce, kuma daga irin wannan suka fara.

Abin da ya fi damuna ma shi ne na gaskiyar ya fi daɗi. Ɗauki taswira. Kuna sa mai jihohi 36 ku rubuta 1960. A ranar jihohi uku ne manya, Arewa da Yamma da Gabas, sai Legas. Mubi da Gwoza da Gembu ma ba su gama zama Najeriya ba tukuna. Yankin amana ne na Majalisar Ɗinkin Duniya a hannun Ingila, sai da aka yi ƙuri'ar raba gardama a Fabrairun 1961 mutanen wurin suka zaɓi Najeriya, aka kira yankin Lardin Sardauna. Mutane ne da aka tambaye su, suka sa hannu suka ce mu nan muke so. In kishin ƙasa kake nema, ina labarin da ya kai wannan? Ban taɓa ganinsa a bidiyo ko ɗaya ba.

Ko tutar kanta. Ɗalibi ne ya zana ta, Taiwo Akinkunmi, yana karatu a Landan, ya shiga gasa ya ci. A zanensa na asali akwai jar rana a tsakiyar farin, alƙalan gasar suka cire. Ya rayu har 2023. Wannan bai isa minti ɗaya mai taɓa zuciya ba?

Hajiya ta Gwammaja:
Malam ka tuna mini. Akwai wanda jikata ta nuna mini, an zana mata da lulluɓi sun yi layi suna jefa ƙuri'a a zaɓen 1959, wai a Kano. Na ce mata ƙarya ne. Mahaifiyata ba ta yi zaɓen nan ba, babu macen Arewa da ta yi. Matan Kudu sun yi, mu ba a ba mu ba. Zaɓen ƙasa na farko da muka shiga shi ne na 1979, ina amarya, kuma na tuna yadda muka fita. Hajiya Gambo Sawaba ɗauri nawa ta sha a kan wannan maganar? In ka zana mata a layi tun 1959, ka share wahalarta ke nan gaba ɗaya, kamar ba a taɓa hana mu ba.

Kuma a duk bidiyoyin nan mutum uku ake nunawa, Sardauna da Awolowo da Azikiwe, wani lokaci a ƙara Tafawa Ɓalewa. Ina Malam Aminu Kano? A garin nan aka kafa jam'iyyar NEPU ranar 8 ga Agustan 1950. Gidansa yana nan Gwammaja, Mumbayya, ina ganinsa daga ƙofar gidana. Yaran unguwar nan suna wucewa ta gabansa kullum, amma a waya ba sa ganin fuskarsa ranar 'yanci.

Ɗan Fagge:
To ai Hajiya wasu cewa suke mu 'yan Arewa ma ba mu so 'yancin ba, Sardauna ne ya hana a 1953. Na ga wannan ma a wani bidiyon, an yi ta zaginmu a ƙasansa.

Malamin Tarihi:
Wannan rabin magana ce. A 1953 Anthony Enahoro ya kawo ƙudiri a majalisa a Legas cewa a ba da mulkin kai a 1956. Sardauna ya kawo gyara cewa a cire shekarar a sa "da zarar hali ya yi". Dalilinsa a fili yake: Arewa ba ta da isassun 'yan boko da za su riƙe ofisoshi, yana tsoron a fita daga hannun Bature a faɗa hannun wani. Kana iya yarda da shi, kana iya saɓa masa, NEPU ma a nan gida ta saɓa masa. Amma jayayyar a kan lokaci ce. An yi wa wakilan Arewa ihu a Legas, sannan a watan Mayu da tawagar Akintola, ɗan siyasar Yamma, ta zo Kano rikici ya ɓarke tsakanin birni da Sabon Gari, aka yi kwanaki ana yi, rayuka suka salwanta. Daga wannan ne aka zauna aka fito da tsarin tarayya na 1954. Yamma da Gabas suka karɓi mulkin kansu a 1957, Arewa ta karɓa ranar 15 ga Maris 1959.

Masu bidiyon yabo suna tsallake wannan duka su nuna shugabanni suna murmushi, masu bidiyon zagi kuma su ɗauki jimla ɗaya su gudu da ita. Yaronmu yana tsakiya, in aka zage shi ba shi da abin da zai mayar.

Shugaban Zaure:
Jama'a ana amfana, amma a kiyaye kada a gangara siyasar yau. Na goge saƙo biyu.

Mai Haɗa Bidiyo:
Malam, na karɓi gyara. Maganar Hajiya ta Gwammaja ce ta fi kama ni, don ni ma na taɓa sa irin wannan hoton na mata a layi, ban san abin da nake gogewa ba. Yanzu na koma na duba wanda na yi bana. A wurin kasuwa na sa mutum yana ƙirga naira.

Hajiya ta Gwammaja:
Naira sai 1973, ɗana. Kafin nan fam ne da sule da sisi da taro da kwabo. Kwabo goma sha biyu sule, sule ashirin fam guda.

Bakanon Legas:
Ka duba motocin ma. Hannun hagu ake bi a lokacin, sai Afrilun 1972 aka koma dama. Kuma in ka sa dalar gyaɗa, don Allah ka nemo hoton gaske. Wadda na'ura take zanawa kamar ta Masar take fitowa, da duwatsu. Tamu buhuna ne aka jera ɗaya kan ɗaya, ana ganin leburori suna hawa da buhu a ka.

Mai Haɗa Bidiyo:
To a ina zan samu na gasken? Da gaske nake tambaya. In ka nema a intanet da Hausa kusan babu abin da ke fitowa.

Malamin Tarihi:
Fara da Gidan Makama, ga shi nan kusa da gidan Sarki, akwai tsofaffin hotunan birni da na sarakuna. Ka leƙa Gidan Ɗan Hausa a Nassarawa. Mumbayya tana hannun Jami'ar Bayero, suna da kayan Malam Aminu da na NEPU. In ka samu zuwa Kaduna, Gidan Arewa yana nan a tsohon gidan Sardauna, ga kuma ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa. Ka fara tun Yuli, kada ka jira Satumba. In ka haɗa, turo mini in duba kafin ka saki, ba na karɓar komai.

Amma kafin duk wannan, ga Baban Hajiya Maman Walida. Shekara goma sha yake da ita a 1960, a garin nan. Irinsu ba su da yawa yanzu.

Maman Walida:
Na karanta wa Baba duk abin da kuka rubuta bayan la'asar, tun daga kan maganar nama. Da na zo wurin Gimbiya Alexandra ya ɗaga hannu ya ce, "Ita ce, sunan ne ya ɓace mini." Ya yi ta sa wa Malam albarka. Ya ce a gaya wa Hajiya ta Gwammaja shi ma ya raka mahaifiyarmu rumfar zaɓe a 1979. Daga nan ya ɓalle da labari, yadda aka raba musu ƙananan tutoci a makaranta, da yadda suka taru gidan wani maƙwabci mai rediyo da daddare, manya a kan tabarma yara a tsaye a zaure. Ya fi awa yana magana. Ni 'yarsa ban taɓa jin rabin abin da ya faɗa yau ba, kuma ban ɗauka a waya ba, sai da ya gama na tuna.

Mai Haɗa Bidiyo:
Hajiya, in Baba zai yarda, ina so in zo da kyamara in ɗauke shi. Ba na kowa ba ne, ba tambarin kowa a kai. In na gama in ba ku naku, sai abin da kuka amince a saki.

Maman Walida:
Na tambaye shi, ya ce ka zo. Asabar bayan la'asar ta fi, lokacin ya fi sakewa. Ka zauna ta damansa, kunnen hagun ba ya ji sosai. Malam, in da hali ka zo tare da shi, don ka san abin da za a tambaya.

Malamin Tarihi:
In sha Allah zan zo. Zan taho da hoton Sarki Sanusi in nuna masa.

Ɗan Mahauta:
Hajiya, ni ma a ba ni dama. Ranar Asabar da safe zan sa a cire mini tsokar bayan nan da na faɗa, in kai wa wani dattijon mai balangu da muka saba, ya bi ta a hankali. Zan aiko ƙanena da ita kafin la'asar, da gurasa. Baba yana cin yaji, ko a zuba masa daban a takarda?

Maman Walida:
A zuba daban, Malam, likita ya ce ya rage. Albasa dai a sa da yawa, yana so.